Tsaga a goshi, lanƙwasa a baya: gwaje-gwajen farko na ƙara wa fiffiken jirgi ƙarfin ɗagawa

Mai zana fiffiken jirgin sama kullum yana tsakanin buƙatu biyu da ba sa ga maciji da juna. In jirgi ya lula sama, ƙaramin fiffike ake so, siriri mai santsi, don duk faɗin da aka ƙara masa turjiyar iska aka ƙara, mai kuma aka ƙara ƙonawa. In ya zo sauka sai buƙata ta juya: ana son fiffiken da zai riƙe nauyin jirgin ko da gudu ya ragu ƙwarai, tunda filin sauka yana da iyaka, ƙafafun jirgi ma akwai iyakar dukan da za su iya sha. Daga wajen 1914 zuwa 1937 injiniyoyi a Ingila da Jamus da Amurka suka yi ta lalube har suka samo fiffiken da ke sauya siffa a tsakiyar tafiya. Ƙarin ɗagawa a ɗakin gwaji sun same shi da wuri, har fiye da buƙata. Abin da ya ci musu kusan shekara ashirin shi ne mayar da shi abin da matuƙi zai iya sauka da shi lafiya.

Lissafin da ke ƙarƙashin maganar gajere ne. Ƙarfin da ke ɗaga jirgi ya rataya a kan abu huɗu: nauyin iskar da yake ciki, gudunsa in an ninka shi da kansa, girman shimfiɗar fiffike, sai wani adadi da injiniyoyi ke rubutawa CL, wanda ke nuna yadda siffar fiffiken da kusurwarsa ke cin moriyar sauran ukun. A ɗauki jirgi mai nauyin kilo 1,000, da fiffike mai shimfiɗar murabba'in mita 16, a iskar bakin teku. In iyakar CL ɗinsa 1.3 ce, kamar yawancin fukafukan wancan zamani, jirgin ba zai zauna a sama ba muddin gudunsa ya gaza kilomita 100 a awa. A ɗaga CL zuwa 2.0, gudun ya sauko wajen 80. A ninka shi ya kai 2.6, gudun ya tsaya a 71. Ninka CL bai raba gudu biyu ba, amma ya raba ƙarfin tafiyar da birki zai kashe gida biyu, tazarar tsayawa ma ta ragu kusan haka. Zafi kuma yana aiki ta ɗaya ɓangaren: a ranar da ma'auni ya kai digiri 40, irin na Maiduguri a watan Afrilu, iska ta fi ta digiri 15 sauƙi da kusan kashi 8 cikin ɗari, gudun sauka ya ƙaru da wajen kashi 4 tun kafin a sa tsayin ƙasa a lissafi.

Hanyar da matuƙi ke ƙara CL ita ce ɗaga hancin jirgi, wato ya ƙara kusurwar da fiffike ke tarar iska da ita. Ɗagawa na bin kusurwar tana hawa har wajen digiri 15 ko 16, daga nan sai ta karye. Wannan shi ne sitol. Abin da ke faruwa a saman fiffike shi ne iska tana zagayo goshinsa da gudu mai tsanani, matsinta ya faɗi ƙasa warwas, sannan dole ta rage gudu, matsin ya sake hawa, kafin ta kai bakin baya. A jikin fatar fiffiken akwai wani siririn layin iska da gogayya ta riga ta cinye masa ƙarfi, wanda masani Bajamushe Ludwig Prandtl ya bayyana a wani taron masana lissafi a Heidelberg a 1904. Wannan layin kamar mai keke ne da ya sauko daga gangara zai hau tudu ba tare da taka feda ba: in tudun ya yi tsayi, zai tsaya a tsakiya ya fara komawa baya. Kowane digiri da aka ƙara wa kusurwa yana ƙara wa tudun tsayi. Da zarar layin ya tsaya, iska ta saki bayan fiffike ta hargitse, ɗagawa ta zube, turjiya ta yi sama. In fiffike ɗaya ya riga ɗaya saki, jirgi ya kife gefe ya shiga katantanwa, kuma a kusa da ƙasa babu sararin fita daga cikinta. Haka ɗaliban tuƙi da yawa suka rasa rayukansu a yaƙin duniya na farko ba tare da sun ga abokin gaba ba.

Dabarar da ta fara zuwa ita ce mafi sauƙi: a yanke bayan fiffike, a sa masa mahaɗi mai juyawa, a riƙa lanƙwasa shi ƙasa in za a sauka. Shi ne filaf. Jirgin S.E.4 na masana'antar jiragen gwamnatin Birtaniya ya tashi da shi a 1914. Kamfanin Fairey ya sa shi a jirginsa Hamble Baby mai sauka a ruwa a 1916, ya kuma ci gaba da sa shi a jiragensa na baya. Faransawa a jirgin Breguet 14 na jefa bama-bamai sun ɗaure filaf ɗin fiffiken ƙasa da igiyoyin roba: in gudu ya ragu roba ta jawo shi ƙasa, in gudu ya ƙaru iska ta mayar da shi. A 1920 jirgin tsere na Dayton-Wright ya je gasar Gordon Bennett a Faransa da fiffike mai lanƙwasa gaba da baya, haɗe da ƙafafu masu naɗewa, amma wata wayar sarrafa jirgin ta tsinke ya fice daga tseren. Duk da haka filaf bai yaɗu ba, kuma dalilin a bayyane yake. Jiragen lokacin masu fukafukai hawa biyu ne, kowane murabba'in mita na ɗauke da kilo 30 zuwa 40 kacal, ga wayoyi da sanduna ko'ina suna birki da kansu. Irin wannan jirgin dama a hankali yake sauka. Abin da ke kashe mutane a cikinsa sitol ne, filaf kuwa ba ya maganin sitol.

Maganin ya fito daga mutum biyu da ba su san da juna ba. Gustav Lachmann, Bajamushe, yana koyon tuƙi a 1917 jirginsa ya yi sitol ya faɗo, ya ji mummunan rauni. Yana kwance a asibiti ya yi tunanin a raba fiffike gida-gida, kowane yanki ƙaramin fiffike ne, da tsaga a tsakaninsu. A Fabrairun 1918 ya nemi takardar mallakar ƙirƙira, ofishin Jamus ya ƙi, a kan cewa tsaga fiffike lalata ɗagawa zai yi. A Ingila kuma Frederick Handley Page, wanda kamfaninsa ya ƙera manyan jiragen jefa bama-bamai a lokacin yaƙi, yana ta gwaji a ramin iska, wato babban bututun da ake hura iska a kan samfurin fiffike ana awo. Mutanensa sun fara da tsagogi masu bin faɗin fiffike daga gaba zuwa baya, ba su ga wani abin kirki ba. Da suka juya tsagar ta bi tsawon fiffike, kusa da goshi, tana buɗewa daga ƙasa tana karkata zuwa sama da baya, sai ɗagawa ta tashi da wajen kashi 25 cikin ɗari. Da aka gyara siffar tsagar ƙarin ya kai kashi 50. Handley Page ya yi rajistar ƙirƙirar a Oktoban 1919, a 1920 kuma ya ɗora ta a jirgin DH.9 ya nuna wa jama'a a Cricklewood da ke London. Ɗan'uwan wannan jirgin ne, DH.9A, guda uku suka sauka a Kano a 1925.

Da labarin ya kai kunnen Lachmann, sai ya kai tasa dabarar Göttingen wurin Prandtl, ya biya kuɗin gwaji. Ramin iska ya nuna ƙarin fiye da kashi 60, ofishin da ya ƙi shi ya dawo ya ba shi takardar, da ranar da ya fara nema. Wannan ya sa shi gaban Handley Page a lissafin kwanaki. Maimakon su tafi kotu sai suka haɗa kai, kuma a 1929, bayan ya yi aiki a Japan, Lachmann ya koma kamfanin Handley Page gaba ɗaya.

A ramin iska Handley Page bai tsaya a tsaga ɗaya ba. Ya yi ta ƙara tsagogi har fiffiken ya zama jerin ƙananan yankuna, CL ya kai wajen 4, ninki uku na fiffike gama-gari. Sai dai a kusurwar da ta haura digiri 40 aka samu wannan adadin, kuma a nan gizo ke saƙar. Tsagar goshi ba ta ƙara ɗagawa a kusurwar da aka saba. A digiri 8, fiffike mai tsaga da marar tsaga kusan abu ɗaya suke bayarwa. Abin da take yi shi ne jinkirta karyewar, ɗagawa ta ci gaba da hawa daga digiri 15 zuwa 25 ko fiye. Ke nan ba za a ci ribarta ba sai an sauka da hanci a ɗage digiri 25. Jiragen lokacin masu ƙafa biyu a gaba da ƙaramar ƙafa a wutsiya ne, in suna tsaye a ƙasa hancinsu bai wuce digiri 11 zuwa 13 ba. Mai son sauka a digiri 25, ko dai wutsiya ta fara dukan ƙasa jirgin ya faɗo kan ƙafafunsa da ƙarfi, ko a yi masa dogayen ƙafafu masu nauyi. Ga shi matuƙi ba ya ganin filin saboda inji ya tare masa gaba. Tsagar da ke buɗe kullum kuma tana cin gudu a sama. Jiragen gwajin da kamfanin ya yi a farkon shekarun 1920, irin su H.P.20 mai fiffike hawa ɗaya a kan gangar DH.4A, sun tabbatar da ƙarin ɗagawar, amma kayan buɗewa da rufewa da hannu sun yi nauyi, sun kuma ƙara wa matuƙi aiki a daidai lokacin da hannunsa ya fi cika.

Abin da ya fitar da tsagar kunya shi ne sauya mata aiki. Wajen 1927 kamfanin ya fito da silat mai buɗe kansa, wato wani siririn yanki na goshin fiffike da ke zaune a kan hannuwa masu lilo ko ƙananan dogo, babu inji, babu waya zuwa wurin matuƙi. A ƙaramar kusurwa, wurin da iska ke dukan fiffike kai tsaye yana kan goshi, matsin ya danne silat ya rufe ruf, fiffike ya zama sumul. In kusurwa ta ƙaru, wurin dukan ya zame ya koma ƙarƙashi, saman goshin ya koma wurin zuƙa mai ƙarfi, zuƙar ta jawo silat gaba tsagar ta buɗe. Aka kuma daina shimfiɗa shi a duk tsawon fiffike, aka bar shi a ƙarshen fukafukai kawai, gaban elaron, wato ɓangaren da ke karkata jirgi dama da hagu. Yanzu tsakiyar fiffike ce ke fara sitol, hanci ya sunkuya da kansa, ƙarshen kuwa yana nan riƙe da iska, matuƙi yana da iko da jirginsa. Ribar CL kaɗan ce a wannan tsari, amma katantanwa ta ragu, kuma wannan ne kasuwa ta saya. Rundunar sojan saman Birtaniya ta sa shi a jiragenta, kuɗin lasisi daga ƙasashe daban-daban ya riƙe kamfanin a shekarun da ba a sayen jirage. A ganina wannan ne mataki mafi hikima a duk tarihin, don sun yarda su bar babban adadin da ramin iska ya ba su, suka ɗauki ƙaramin da ke ceton rai.

Silat mai buɗe kansa yana da nasa halin. Na dama da na hagu ba lallai su buɗe tare ba: in jirgi yana ɗan zamewa gefe, ko yana cikin kwana mai tsanani, ɗaya zai riga ɗaya, jirgin ya fizge. Matuƙan Messerschmitt Bf 109 sun san wannan fizgar sarai, tana ɓata saiti a tsakiyar faɗa. Ƙura ko yashi ko ƙanƙara a kan dogon, ko ɗan lanƙwasa a hannu ɗaya, ya isa ya sa silat ya maƙale. Shi ya sa kafin tashi ake tura shi da hannu a ja, a ji ko yana tafiya sumul daga farko zuwa ƙarshe, kuma ɓangarorin biyu da nauyi iri ɗaya. A jirgin koyo na Tiger Moth an sa wani hannu a wurin matuƙi da ke kulle su in za a yi wasan sama ko ana tafiya a ƙasa. Girman tsagar ma ba abin wasa ba ne. Bakin fitarta kaso kaɗan ne na faɗin fiffike: kashi 2 cikin ɗari na fiffike mai faɗin mita ɗaya da rabi santimita 3 ne kacal. Dole kuma ta riƙa tsukewa daga ƙasa zuwa sama. In ta tsuke da yawa, gajiyayyar iskar silat ta haɗu da ta babban fiffike ribar ta tafi. In ta buɗe da yawa, yankunan biyu su daina taimakon juna. A fiffiken katako da yadi, wanda ke lanƙwasa in ya ɗauki nauyi, riƙe waɗannan santimitoci a duk tsawon tsagar shi ne ainihin aikin.

Bayanin da aka daɗe ana bayarwa shi ne tsagar tana ɗebo iska mai ƙarfi daga ƙasa ta hura wa gajiyayyen layin sama. Yana da daɗin ji, har yau ana rubuta shi, amma bai dace da awon matsi ba. A. M. O. Smith na kamfanin Douglas ne ya warware zancen filla-filla a tsakiyar shekarun 1970. Silat ƙaramin fiffike ne mai tasa ɗagawar, kuma yadda iska ke kewaya shi yana rage gudun iska a goshin babban fiffike, zuƙar da ke can ta yi sauƙi, hawan matsin da ke bayanta ya ragu. Shi kuma babban fiffiken yana sa iska gudu a bakin bayan silat, don haka layin iskar silat ba sai ya rage gudu sosai ba kafin ya bar fata, ragowar rage gudun yana yinsa a sarari inda babu gogayya. Sannan kowane yanki yana farawa da sabon layi, siriri, wanda bai gaji ba. Shekara hamsin ke nan ana ƙera abin yana aiki da bayanin da ba daidai ba, saboda awo a ramin iska ne ya jagoranci masu ƙira.

Gwajin da ya tara dabarun wuri ɗaya shi ne gasar jirgi mai aminci da asusun Daniel Guggenheim ya shirya, wadda aka yi gwaje-gwajenta a filin Mitchel da ke Long Island a Amurka a 1929, da kyautar dala 100,000. Sharuɗɗan sun yi tsauri: jirgi ya iya tafiya a miƙe da gudun da bai wuce mil 35 a awa ba, wajen kilomita 56, ya kuma kai mil 110, wajen kilomita 177, ya tashi a cikin ƙafa 300, wajen mita 90, in ya taɓa ƙasa ya tsaya a cikin ƙafa 100, wajen mita 30. Jirage biyu ne kawai suka kai ƙarshe: Tanager na kamfanin Curtiss da Gugnunc na Handley Page, dukansu da silat a gaba da filaf a baya. Tanager ya ci, Handley Page kuma ya kai Curtiss ƙara kan amfani da silat ba lasisi. Wani abu a jikin Tanager ya nuna matsalar da za ta daɗe: in filaf ya cinye duk bakin baya, ina za a sa elaron? Curtiss sun sa nasu a can ƙarshen fiffiken ƙasa, suna lilo suna bin iska da kansu. Junkers a Jamus sun bi wata hanyar, suka rataye wani siririn fiffike daban a bayan babban, ɓangaren ciki filaf, na waje elaron, kamar yadda ake gani a Ju 52.

Ba a sayi Tanager ba, ba a sayi Gugnunc ba. Abin da ya kawo filaf kasuwa shi ne sauyin jirgin kansa. A farkon shekarun 1930 jiragen fasinja suka koma na ƙarfe, fiffike hawa ɗaya, ƙafafu masu naɗewa, babu waya babu sanda. Nauyin da kowane murabba'in mita ke ɗauka ya ninka sau uku, a jirgin DC-3 na kamfanin Douglas ya kai wajen kilo 125. Wata sabuwar matsala kuma ta ɓullo: jirgi mai santsi ba ya son sauka. In matuƙi ya sunkuyar da hanci gudu ya taru, in ya miƙe a kan fili jirgin ya yi ta shawagi yana cinye titi. Ana buƙatar ɗagawa, ana kuma buƙatar turjiya da gangan. Boeing 247 na 1933 ya fito babu filaf. Douglas kuwa, da kamfanin TWA ya gindaya masa cewa gudun sauka kada ya wuce mil 65 a awa, sai ya sa wa DC-1 filaf mai rabewa, wanda Orville Wright da James Jacobs suka ƙirƙiro tun 1920. A wannan, fatar ƙasa ce kawai ke saukowa kamar murfi, saman fiffike bai motsa ba. A bayansa ana samun wani rami mai ƙarancin matsi da ke jan iskar sama, yana ba da ɗagawa mai kyau da turjiya mai yawa, ga sauƙin ƙira.

Harlan Fowler, wani injiniya Ba'amurke, ya yi tunanin da ya wuce nan tun 1924, ya kuma yi shekaru yana gwada shi da kuɗin aljihunsa. Nasa filaf ɗin cikakken ƙaramin fiffike ne da ke ɓoye a ƙarƙashin bayan babban. In an sake shi, yana fara zamewa baya a kan dogo, shimfiɗar fiffike ta ƙaru, sannan ya sunkuya, lanƙwasa ta ƙaru, tsakaninsa da babban kuma tsaga ta buɗe. Abu uku a tafiya ɗaya. NACA, hukumar binciken jiragen sama ta Amurka a lokacin, ta gwada shi a cibiyarta ta Langley a 1932, kuma alƙaluman da Fred Weick da abokan aikinsa suka tara a kan fiffike samfurin Clark Y sun nuna bambancin ƙarara. Fiffiken tsura yana kai CL wajen 1.3 a digiri 15. Da filaf mai sauƙi ya kai kusan 2.0, amma sitol ya sauko digiri 12. Da silat kaɗai 1.8 ne, a digiri 24 zuwa 28. Mai rabewa ya ba da kusan 2.2. Filaf ɗin Fowler mai faɗin kashi 30 na fiffike ya ba da 2.8 a digiri 13, in an haɗa babban Fowler da silat a kai wajen 3.4 a digiri 16. Duk wanda ya dubi kusurwoyin zai gane dalilin da filaf ya riga silat zama kayan yau da kullum: yana ba da ribarsa hanci na ƙasa, matuƙi na kallon titi.

Su kansu waɗannan alƙaluman sai da taka-tsantsan, domin ƙaramin samfuri a iska mai tafiya a hankali ba ya sitol a inda babban fiffike ke yi. Saboda haka NACA ta gina rami mai matse iska har ninki 20 a 1922, ta kuma gina wanda ke ɗaukar jirgi sukutum a 1931. A sama kuwa, zaren ulu ake liƙawa jeri-jeri a bayan fiffike: inda iska ke manne zaren na kwance, inda ta saki yana rawa ko ya juya gaba.

Filaf ma yana karɓar ladansa. Yana mayar da cibiyar ɗagawa baya, ya danna hanci ƙasa, Fowler ya fi kowa yin haka tunda har bayan fiffike yake fita. Dole wutsiya ta yi girman da za ta rinjayi wannan dannawar, ga shi iskar da filaf ke turawa ƙasa tana sauya kusurwar da wutsiyar ke gani. Digiri 15 zuwa 20 na farko yawanci ɗagawa suke bayarwa, abin da ya wuce nan turjiya ce ta fi yawa, shi ya sa ake tashi da kaɗan a sauka da duka. In matuƙi ya fasa sauka ya naɗe filaf gaba ɗaya lokaci guda, CL ya faɗi daga 2 zuwa 1.3 alhali gudu bai ƙaru ba, jirgin ya nitse. Ƙa'idar ita ce a ba da wuta, a naɗe mataki-mataki. In an sake shi da gudun da ya wuce iyaka, dogo ko mahaɗi ya lanƙwashe. Mafi muni shi ne ɗaya ya sauka ɗaya ya tsaya, wanda elaron ba lallai ya iya rinjaya ba, saboda haka ake haɗa su da sandar ƙarfe ɗaya mai juya su tare. Jirgin Westland Lysander ya nuna wani haɗarin: silat da filaf ɗinsa da kansu suke fita, har sai da aka yi masa wutsiya mai sauya kusurwa, kuma in an saita ta don sauka sannan aka ba da cikakkiyar wuta, hanci na tashi da ƙarfin da matuƙi zai sha wuya kafin ya danne.

A 1936 jirgin Fieseler Storch na Jamus ya ɗauki hanyar da sauran suka guje wa, ya biya farashinta da gangan: tsaga buɗe kullum a duk tsawon goshi, filaf mai tsaga, elaron masu sunkuyawa tare da shi, dogayen ƙafafu masu shanye duka, da gilashi mai fitowa gefe don matuƙi ya ga ƙasa. Yana iya tafiya da wajen kilomita 50 a awa, amma iyakar gudunsa 175. Shekara ɗaya bayan haka Lockheed 14 ya fito da filaf ɗin Fowler a jirgin fasinja, aikin da matashin injiniya Kelly Johnson ya yi suna da shi. Fiffikensa murabba'in mita 51 ne kawai, kowane mita na ɗauke da fiye da kilo 150, ya fi DC-3 gudu, kuma da shi Howard Hughes ya zagaya duniya cikin kwana 3 da awa 19 a Yulin 1938. Sai dai fiffiken mai tsukewa ne zuwa ƙarshe, ga nauyi, a ƙaramin gudu ƙarshensa kan riga tsakiya saki jirgin ya kife gefe. Gyaran da aka yi masa shi ne yanka jerin tsagogi marasa motsi a bayan goshi, gaban elaron, kuma da su aka ƙera Hudson, samfurinsa na soja, wanda rundunar sojan saman Birtaniya ta yi sintirin teku da shi a yaƙin duniya na biyu.